Malamin Shawara a Zamanin Linki: Abin Rabawa da Abin Rufewa

A makarantun sakandare da dama, da zarar an buɗe rajistar JAMB, ofishin malamin shawara kan cika ya batse. A da, babban littafin rajista da jan biro ne kayan aikinsa. Yanzu sau da yawa waya ce a hannunsa: ya tura fom ga 'yan aji shida, amsoshinsu su taru a jadawali guda, shi da malamin jarrabawa su duba tare ko da ɗayansu yana gida.

Sauyin ya zo da ruɗani. Wasu iyaye na zaton damuwar 'ya'yansu ce ake bazawa a intanet. Wasu shugabannin makarantu na ganin da an buɗe guruf ɗin WhatsApp shi ke nan, an shiga zamani. Su kansu malaman sun rabu: akwai mai jin kunyar a ce bai iya ba, akwai kuma wanda hannunsa ya faɗa da latse-latse har ya manta ƙa'idar aikinsa. Tushen ruɗanin guda ne. An ƙera manhajojin waya irin su WhatsApp domin bayani ya yi saurin isa ga jama'a da yawa, shi kuwa aikin shawara wani ɓangarensa yaɗa bayani ne, wani ɓangaren riƙon amana. Malamin da bai rarrabe ɓangarorin nan biyu ba, ƙwarewarsa a waya na iya zame wa ɗalibansa illa.

Bayanin kalmomi

Malamin shawara, ko jami'in jagoranci da ba da shawara, shi ne wanda ɗalibai ke kira malamin gaidans. Kamar yadda ake koyar da fannin a kwalejojin ilimi da jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, aikinsa ya shafi karatu, da zaɓen sana'a, da damuwar rayuwa. Shi ke zama da ɗan aji uku su duba ko kimiyya ta dace da shi ko fannin kasuwanci. Shi ke lura da yarinyar da makinta ya faɗi ba zato. Gare shi ake kai yaron da ake zargin ya fara shaye-shaye. Aikinsa daban yake da na malamin horo, ko da yake makarantu da yawa na haɗa wa mutum ɗaya ayyukan biyu, abin da ke sa yara su riƙa kauce wa ƙofarsa.

Manhaja kuwa ita ce tsarin da ake sakawa a waya ko kwamfuta domin wani aiki. Manhajojin aiki tare su ne waɗanda ke bai wa mutane da yawa damar taɓa abu guda daga wurare daban-daban. Google Docs da Google Sheets takarda ce da jadawali da mutum biyar za su iya rubutu a kai lokaci ɗaya. Google Forms na tattara amsoshin tambayoyi. Google Drive da OneDrive rumbun intanet ne, wato ajiya a manyan kwamfutocin kamfani maimakon cikin wayar mutum. Zoom da Google Meet da Microsoft Teams na taro ne ta bidiyo. Sai WhatsApp, wanda ba don makaranta aka yi shi ba, amma shi ne ya fi kowanne yin aikin makaranta a Najeriya.

Kalmomi biyu ne ginshiƙin sauran bayanin. Linki shi ne adireshin da ake latsawa a buɗe fayil. Izini kuma shi ne iyakar abin da mai fayil ya yarje wa wani ya yi: ya karanta kawai, ya karanta ya bar sharhi, ko ya gyara ya goge.

Inda aka faro

Aikin shawara a makaranta ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A Amurka ana danganta farkonsa da Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin taimaka wa matasa zaɓen sana'a a Boston a 1908. A Najeriya kuwa tarihin fannin kan fara ne daga 1959, lokacin da malamai mata 'yan Katolika na kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan da za su kammala bayanin ayyukan da ke jiran su. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, ta kafu a 1976. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da buƙatar malaman shawara a makarantu, tsarin 6-3-3-4 da aka soma a farkon shekarun 1980 kuma ya ƙara musu nauyi, domin a ƙarshen aji uku dole a raba yara zuwa fannoni. A 2022 aka sanya hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan sana'a.

Abin lura a wannan tarihi shi ne tun ranar farko aikin na haɗa kai ne. Malamin shawara bai taɓa wadatuwa da kansa ba: yana buƙatar makin da ke hannun malamin aji, da labarin gida da ke bakin iyaye, da ƙa'idojin hukumomin jarrabawa. Manhajojin sun tarar da wannan buƙata ce, suka sauƙaƙa ta. Google Docs ya fito a 2006, WhatsApp a 2009, Google Drive a 2012, Google Classroom a 2014, Microsoft Teams a 2017.

Abin da ya tura malamai ciki

Babban abin da ya tilasta wa malaman shawara na Najeriya rungumar intanet shi ne hukumomin jarrabawa, musamman JAMB. Ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. A 2017 ta kawo tsarin CAPS, inda ɗalibi zai shiga shafinsa da kansa ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Daga 2021 lambar NIN ta zama sharaɗin rajista. Malamin da bai san yadda ake samun lambar fara rajista ta saƙon tes ba, ko bai san cewa layin waya ɗaya na ɗalibi ɗaya ne ba, ya bar yaransa a hannun masu shagon kafe, waɗanda a wurin wasunsu cike fom ciniki ne kawai.

Sai annobar korona. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai a watan Agusta, gab da jarrabawar WAEC. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun koma koyarwa ta rediyo da talabijin, amma rediyo ba ya sauraron damuwar yaro. Malaman da suka ci gaba da hulɗa da ɗalibansu a waɗannan watanni ta waya suka yi, akasari ta guruf-guruf da aka buɗe cikin gaggawa ba tare da wata ƙa'ida ba. Da yawa daga cikin ɗabi'un da aka ɗauka a lokacin, masu kyau da marasa kyau, su ake kai har yau.

Dalili na uku yawan ɗalibai ne. Ƙungiyar malaman shawara ta Amurka, ASCA, na ba da shawarar malami ɗaya ga ɗalibai 250, kuma ko a can jihohi da yawa ba su kai ga haka ba. A manyan makarantun gwamnati na biranen Arewa, ba abin mamaki ba ne a tarar da mutum ɗaya ke riƙe da ofishin makaranta sukutum, kuma yana da darasin da yake koyarwa a aji. Duk abin da zai rage wa irin wannan malami kwafe sunaye da hannu, dole ya ja hankalinsa.

Yadda aikin yake idan an matso kusa

A ɗauki batun haɗin darussan JAMB. Kowane ɗalibi zai rubuta darussa huɗu, Turanci dole, sauran ukun kuma su dace da kwas ɗin da yake nema. Mai son likitanci na buƙatar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci na buƙatar Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai neman aikin lauya ba zai tsallake Adabin Turanci ba. Kowace shekara akwai yaran da ke cin maki mai kyau su rasa gurbi saboda an cike musu darasin da bai dace ba.

Malamin da ya iya Google Forms zai shirya tambayoyi shida ko bakwai: suna kamar yadda yake a katin NIN, kwas, makarantar da ake so, darussan da aka zaɓa. Amsoshin za su jeru da kansu a jadawali. Cikin zama ɗaya zai ga wanda ya rubuta likitanci amma ya saka Lissafi a madadin Bayoloji, ya shafa wa layinsa ja. Malamin jarrabawa, wanda aka bai wa izinin gyara, zai ƙara nasa shafin ya nuna wanda sunansa a NIN ya saɓa da na rajistar WAEC, matsalar da kan ɗauki makonni kafin a warware ta. Shugaban makaranta izinin karantawa ya ishe shi. Idan wani ya goge layi bisa kuskure, manhajar na ajiye tarihin gyare-gyare, ana iya komawa a dawo da shi, a kuma ga wanda ya taɓa.

Irin wannan amfani ba shi da abin kushewa. Haka ma tara sanarwar tallafin karatu a babban fayil guda da kowa zai iya buɗewa, ko gayyato tsohuwar ɗalibar makaranta da ta zama likita a Legas ta yi wa 'yan aji biyar magana ta bidiyo, abin da matan Oke-Ado suka yi ke nan, sai dai babu kuɗin mota. Ga iyayen da ba su karanta boko, saƙon murya da Hausa ya fi takardar da ake bai wa yaro ya kai gida, wadda sau tari a jakarsa take kwana har zangon ya ƙare.

Inda amana ke shigowa

Matsalar na farawa ne ranar da malami, saboda ya ji daɗin jadawalin JAMB, ya buɗe wani irinsa ya sa masa suna "yara masu matsala". Can zai rubuta wadda ta ce ana takura mata a gida, da wanda aka kama da ƙwaya, da wadda ake shirin cire ta a aurar. Manhajar ba ta san bambancin wannan jadawali da na farko ba. Maɓallin rabawa ɗaya ne.

Idan aka latsa shi, zaɓi biyu ne ke fitowa. Ko a taƙaita fayil ga mutanen da aka rubuta imel ɗinsu, ko a buɗe shi ga duk mai riƙe da linki. Na biyun ya fi sauƙi, shi ya sa aka fi zaɓensa, domin ba ya tambayar kowa ya shiga da asusunsa. Amma linki irin wannan kamar makulli ne da kowa ke iya yanka kwafinsa: wanda aka bai wa zai tura wa wani, mai ɗakin bai san hannu nawa ya shiga ba. Ko a Google Forms akwai wani ɗan zaɓi da ke nuna wa duk wanda ya cike fom taƙaitaccen amsoshin sauran. A fom ɗin zaɓen ranar taro ba komai. A fom ɗin da ake tambayar yara ko ana cin zalinsu a ɗakin kwana, tonon asiri ne.

WhatsApp na da nasa tarkon. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, har kamfanin ba ya iya karantawa, kuma wannan ya sa mutane da yawa ke ɗaukar sa a matsayin wuri mai sirri. Kullewar ta kan hanya ce kawai. Da saƙo ya sauka, duk mai riƙe da wayar zai karanta, zai iya ɗaukar hoton fuskar wayar, zai iya turawa gaba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya, ko kuma ta yaya ce ake ara. Yarinyar da ta rubuta wa malama damuwarta da dare, da safe wayar na hannun wanda take kuka da shi. Wayar malamin ma ba ta tsira ba: ana kai ta shagon caji, 'ya'yansa na wasa da ita, hotunan da aka turo suna sauka kai tsaye cikin ma'ajiyar hotuna.

A guruf kuma kowa na ganin lambar kowa. Haɗa 'yan mata ɗari da samari ɗari a guruf ɗaya domin sanarwar jarrabawa raba lambobinsu ne ga juna ba tare da an tambaye su ko iyayensu ba. Akwai mafita a cikin manhajar kanta: jerin aika saƙo ga mutane da yawa ba tare da sun ga juna ba, ko tashar sanarwa da aka ƙaro a 2023, wadda ke ɓoye lambobin mabiya. Kaɗan ne ke amfani da su, don ba wanda ya nuna musu.

Akwai kuma batun da ba a cika son faɗa ba. Malami namiji da ke musayar saƙo da ɗaliba shi da ita, da dare, a layinsa na kansa, ya jefa kansa da ita cikin hali mai wuyar karewa, ko da niyyarsa fes take. Ofishin makaranta na da ƙofa da taga da lokacin tashi. Dole a ƙirƙiro wa waya makamancin wannan: layin aiki daban, sa'o'i sanannu, da sanin iyaye da hukumar makaranta.

Haɗarin bai tsaya ga kuskuren mutum ɗaya ba. A 2020 aka gano an sace bayanan jinyar mutane fiye da 30,000 daga cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Vastaamo a ƙasar Finlan, ɓarawon ya riƙa aika wa marasa lafiyar saƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi ko ya fallasa abin da suka faɗa wa likitocinsu. A 2022 masu kutse suka shiga kwamfutocin hukumar makarantun Los Angeles, daga baya aka tabbatar cewa cikin abin da suka watsa har da rahotannin gwajin halayyar ɗalibai. A ƙarshen 2024 aka kutsa kamfanin PowerSchool, mai riƙe da bayanan miliyoyin ɗalibai a Amurka da Kanada. Waɗannan wurare ne masu ma'aikatan tsaron kwamfuta na musamman. Darasin da ƙwararru suka ɗauka shi ne a rage abin da ake rubutawa tun farko, a kuma goge abin da amfaninsa ya ƙare.

Abin da doka ta tanada

A watan Yunin 2023 aka sanya hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin sirri, ciki har da na lafiya, da addini, da ƙabila. Ta ce kafin a sarrafa bayanan yaro a nemi yardar iyaye ko mai riƙonsa, sannan ta yi togiya: ba sai an nemi yardar ba idan ana ƙoƙarin ceton yaron ne, ko kuma aikin na ilimi ne ko jinya ko kula da walwala a hannun ƙwararren da sirri ya rataya a wuyansa. Wannan togiya ta bai wa malamin shawara sararin yin aikinsa, amma da sharaɗin riƙe sirrin. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dokar ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar.

Amurka na da wata ƙa'ida da ta dace a yi tunani a kanta. A ƙarƙashin dokar FERPA ta 1974, 'yan rubuce-rubucen da malamin shawara ya yi don tunatar da kansa, bai nuna wa kowa ba, ba sa cikin kundin ɗalibi na hukuma. Ranar da ya nuna wa wani, sun fita daga wannan kariya. Wato latsa maɓallin rabawa na iya sauya matsayin takarda a gaban shari'a.

Sirri a wannan aiki yana da iyaka, kuma ana gaya wa ɗalibi tun zaman farko. Idan yaro na shirin cutar da kansa ko wani, ko ana cin zarafinsa, wajibi ne malami ya sanar da wanda ya dace. Sai dai wanda ya dace mutum ɗaya ne ko biyu, baki da baki ko ta kiran waya. Guruf ɗin malaman makaranta ba ya cikinsu.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu goyon baya na kafa hujja da isa ga yara. Suna cewa akwai ɗalibin da ba zai taɓa taka ofishin gaidans ba don kada abokai su gan shi, amma zai cike fom ɗin da ba a tambayi suna ba. Suna kuma nuna cewa takarda ma ba ta da tsaron da ake zato: fayil a kabad ɗin da ba ya kulluwa, a ofishin da masinja da ɗaliban shara ke shiga, ba sirri ba ne. Wannan hujja na da ƙarfi, kuma masu sukar intanet kan yi saurin tsallake ta.

Masu ɗari-ɗari na cewa shawara aikin ido da ido ne. Shirun yaro, da sunkuyar da kai, da rawar murya, su ke gaya wa malami abin da baki ya kasa faɗa, kuma saƙon tes ba ya ɗauke da su. Suna ƙarawa da batun kamfanoni. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajojin karatu fiye da 160 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su lokacin korona, ta ce kashi 89 cikin 100 na iya bibiyar yara ko tattara bayanansu.

Ɓangare na uku ba ruwansu da wannan muhawara, tambayarsu ita ce wa aka bari a baya. Makarantun kwana da yawa sun hana ɗalibai riƙe waya. A ƙauye ga rashin wuta ga raunin sabis, kuma a 2021 an katse layukan sadarwa ɗungurungum a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kuɗin da galibi daga albashin malami yake fita. A gidaje da yawa ana saya wa ɗa namiji waya kafin a saya wa mace. Idan sanarwar tallafin karatu a intanet kaɗai ta fita, waɗanda suka fi buƙatarta su ne ba za su gani ba.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya kama wani gefen gaskiya, amma ba nauyinsu ɗaya ba a kowane aiki. A harkar sanarwa da jadawali da haɗa kai da sauran malamai, masu goyon baya sun fi hujja, muddin allon sanarwa na makaranta bai daina aiki ba. A zaman sauraron damuwar yaro da ajiye abin da ya faɗa, masu ɗari-ɗari ne ke da gaskiya.

Yadda koyon ke yiwuwa

Yawancin malaman da ke ofis yau sun yi karatunsu ne kafin waɗannan manhajoji su yaɗu, kuma bitar kwana biyu a otal ba ta cika zama a hannu ba. Abin da ya fi kama jiki shi ne a ɗauki aiki guda na gaske, mara sirri, a yi shi daga farko har ƙarshe: jadawalin ranar sana'o'i, alal misali, tare da abokin aiki ɗaya da ya riga ya iya. Wanda ya raba fayil, ya canza izini, ya janye shi, ya ga da idonsa cewa abokin nasa ya kasa buɗewa, ya fahimci abin da lacca ba za ta koya masa ba. Babu laifi ɗalibi ya nuna wa malami yadda ake shirya fom, amma ba a miƙa masa waya ko kalmar sirri.

Daga nan sai tsaron asusu: kalmar sirri mai ƙarfi, kulle fuskar waya, da tabbaci mai hawa biyu, wato ƙarin lambar da ake nema bayan kalmar sirri. Sace asusun WhatsApp ta hanyar yaudarar mutum ya karanto lambobi shida da aka turo masa ya zama ruwan dare a Najeriya, kuma wanda ya sace asusun malamin shawara ya gaji duk hirarsa da ɗalibai.

Akwai gyaran da ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. Idan fayilolin makaranta na cikin asusun Gmail na kashin kansa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki da su zai tafi, wanda ya gaje shi ya fara daga babu, shi kuma ya ci gaba da riƙe bayanan yaran da ba nasa ba. Google da Microsoft duk suna bai wa makarantun da suka cika sharuɗɗa asusun hukuma kyauta, inda makaranta ce mai fayil, ita ke bayar da izini ta kuma karɓe. Neman wannan aikin shugaban makaranta ne da ma'aikatar ilimi.

Abin da ake hange

Alamu na nuna harkar za ta ƙaru ne. Hukumomin jarrabawa na ƙara komawa kan kwamfuta. Ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da dandalin karatu na Nigeria Learning Passport a 2022. Shirin AGILE, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 domin ilimin 'yan mata a jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya ƙunshi koyar da amfani da na'urori da kuma zaman koyar da dabarun rayuwa. Ɗaliban da ke tasowa a irin waɗannan shirye-shirye za su zo ofishin shawara da tsammanin a amsa musu ta waya.

Inda aka yi tsari, malami zai samu lokacin da kwafe-kwafe ke cinyewa ya zauna da yara, kurakuran rajista su ragu, malaman shawara na makarantu daban-daban kuma su riƙa musayar kayan aiki maimakon kowa ya ƙirƙiro nasa. Inda ba a yi ba, fallasa guda ta isa. A garin da kowa ya san gidan kowa, labarin yarinya ɗaya da ya fita daga wayar malami zai iya raba ta da makaranta, ya taɓa maganar aurenta, ya kuma sa sauran ɗalibai su kulle bakinsu shekara da shekaru.

Saboda haka ƙa'idar da ake buƙata gajeriya ce, wadda kowace makaranta za ta iya rubutawa a shafi ɗaya ta karanta wa iyaye a taronsu da malamai: wane bayani ake sakawa a intanet, wane ne ba a sakawa ko da wasa, wa ke da izinin buɗe kowane fayil, a wane layi da wane lokaci ɗalibi zai iya tuntuɓar malami, da kuma ranar da ake goge bayanan waɗanda suka kammala. Ma'aikatun ilimi na jihohi da CASSON da sabuwar majalisar masu sana'ar su ne ke da hurumin fitar da samfurin da makarantu za su kwafa, kwalejojin ilimi kuma su saka shi cikin abin da suke koya wa malaman da za su karɓi waɗannan ofisoshi.